Babur Ɗin da Ƙusa Zai Iya Ɗagawa

Gardamar da Ƙusa ya fi shan kaye a cikinta, a tsakar gidansa aka yi ta, gaban matan maƙwabta huɗu da igiyar shanya. Shekara ashirin ke nan, amma har yau in ana so a ga kunnensa ya ɗau zafi, ita ake tonowa.

A lokacin ne kamfanin gyaran famfon da yake wa aiki ya ba shi sabon babur, wani ƙaton baƙi mai tanki kamar cikin saniya. Shi kuwa suna ne ya bi jiki: siriri, miƙaƙƙe, kuma in ya shige cikin magana sai da filaya ake zare shi. Ya shigo da babur gida, ya kafe, ya hau yi wa mata laccar da ba wadda ta nema.

"Duk namijin da ba zai iya ɗaga babur ɗinsa ba in ya faɗi, bai cancanci hawansa ba."

Matarsa, wadda kowa ke kira Tela saboda keken ɗinkinta, ko ɗago kai ba ta yi ba daga wuyan rigar da take haɗawa.

"To Malam, kwantar da shi ka ɗaga mu gani."

Da ya yi shiru da ya tsira. Amma namiji da sabon ƙarfe, hankalinsa a aljihu yake. Ya kwantar. Ya kama kan babur ya ja, babur ya ce bai san zancen ba. Ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafi, ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito kamar igiyar guga. Mai ya fara ɗiga daga tanki. Da abin ya ishi Tela ta ajiye almakashi, ta yafito matan nan, suka juya wa babur baya, suka sa ƙugu suka miƙar masa da abinsa, ɗayarsu ma da ɗa a hannu. Tela ta koma kan keke ta ce, "Daga yau in za ka fita aiki, ka riƙa tafiya da mata biyar."

Tun daga ranar Ƙusa bai sake yarda babur ya faɗi inda ido ke gani ba. Baƙin ya tsufa aka ba shi wani irinsa, ya ci gaba da bin hanyarsa: famfunan hannu talatin da 'yan kai, warwatse a ƙauyukan bayan gari, inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa. Kowane famfo ya san shi da kukansa. Tun daga nesa in ya ji ana bugawa zai ce wannan roba ce ta cinye, wancan sanda ce ta kwance. Kayan aikinsa jaka guda ce ta tamfol mai nauyin ɗan maraƙi, cike da manyan sifanun kama bututu da guduma da sarƙa, kuma a gefen hagu yake ɗaure ta, domin a dama salansa take, za ta ƙone jakar. Duk mai gyaran famfo a kamfanin haka yake ɗauri, don shi ya koya musu. Har da Buhu, wani ƙato da ya shigo aiki bayansa da shekara goma, wanda Allah ya ba ƙirji ya hana kunya.

Ba babur ne ya karya Ƙusa ba, kuma yana so kowa ya san haka. Bututu suke zarowa daga rijiyar burtsatse, sarƙa ta kuɓuce, tsawon ƙarfe ya sauko a kan ƙafarsa ta hagu, ƙasa da gwiwa. Wata takwas ya yi tsakanin gadon asibiti da tabarmar gida. Aka sa ƙarfe a ƙashi, ƙashi ya haɗe, amma idon sawu ya ƙi komawa yadda yake. Yana iya taka ƙasa, yana iya dannawa, sai dai ya ɗaga yatsun sama ne ba ya iyawa. Likitan da ya sallame shi ya ce, "Ƙafar nan za ta ɗauke ka, baba, amma kada ka yi mata ba-zata."

A watannin nan Buhu ne ya riƙe hanyarsa, a kan baƙin babur ɗin Ƙusa, kuma ya ji daɗin wurin.

Ranar da Ƙusa ya koma ofis, Manaja ya ba shi kujera da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba. Manaja ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma matsoraci mai biro ya fi mugu ɓarna.

"Malam Ƙusa, mun yi tunani. Ga ɗakin ajiya can ba kowa. Inuwa, fanka, makulli a hannunka."

Ƙusa ya san ɗakin. Ba taga. Wanda ya riga shi zama ciki shekara biyu ya yi, ya fito yana magana da notuna.

"Ranka ya daɗe, ƙafa na karya, ba kunne ba. Famfo da kunne ake gyara shi."

"Da babur ake zuwa wurinsa kuma."

Suka ja, suka ja, har Manaja ya gaji ya kafa sharaɗi. Kamfani zai sayi babur guda ɗaya, dama an yi niyya. Ƙusa ya je wurin dillalin da suke hulɗa da shi ya zaɓa da kansa, zaɓi ɗaya, ba canji. Ranar Litinin mai zuwa ya zo da cikakken kaya, ya hau gangaren simintin da manyan motoci ke sauke bututu a bayan ɗakin ajiya, ya tsaya cak a tsakiya, ya sa ƙafa a ƙasa, ya sake tashi. In ya yi, hanyarsa tasa ce. In ƙafar ta ba da shi, ya karɓi makulli ba gardama, hanya kuma ta zama ta Buhu har abada.

Ranar Talata Tela ta rufe kekenta da zane ta ce da ita za a je.

"Me kika sani game da babur?"

"Na san yadda ake ɗaga shi."

Shagon dillalin dogon rumbu ne na kwano, babura jere kamar haƙora, wasu ledarsu ma ba a cire ba. Dillali, mutum mai baki kamar an shafa masa zuma, ya tarye su tun daga ƙofa. Idonsa ya sauka kan ƙafar Ƙusa ya ɗauke da sauri, ya yi kamar bai gani ba.

Ƙusa bai dubi komai ba sai wani ƙaton ja da ke gaba, ɗan'uwan tsohon baƙinsa. Ya shafa tankin kamar mai gaida aminin da aka daɗe ba a gani ba. Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye. Sirdin ya yi tsawo, kan yatsunsa kawai ke taɓa ƙasa. Dillali ya ture jak ɗin da ke tokare da babur, nauyi ya ɗan karkata hagu, wani zafi ya taso daga idon sawu ya caki ƙwaƙwalwarsa. Ya cije. Ya sa ƙafa ƙarƙashin giya don ya ɗaga ta sama yadda ya yi shekara ashirin. Ƙafa ta kwanta a wurin kamar mataccen kifi. Ya sake umartarta. Ko motsi.

Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ga safiya da sanyinta.

"Sauko, Malam," in ji Tela a hankali. "Wannan ba naka ba ne, na ƙuruciyarka ne."

Dillali ya yi maza ya turo wani ƙarami, mai buɗaɗɗen gaba, ba kuloci, irin wanda ake zuwa cefane da shi.

"Maigida, ga mai sauƙi. Ko tsohuwa ta hau."

"Na gode da ka tuna da ni," in ji Tela.

Gaskiya ƙafar ta ji daɗinsa. Ƙusa ya zauna, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba zafi ko kaɗan, kuma zuciyarsa ta fara raya masa cewa da wannan zai haye gangaren Manaja ido rufe. Amma gangaren minti biyu ne, hanya kuwa ta kullum ce. Ya dubi siraran tayoyin, ya tuna yashin da ke gaban famfo na goma sha tara.

"Tela, hau baya."

"Don me?"

"Nauyinki ɗaya da jakata."

"Shekara talatin ina auren mutum, ashe ni ma'aunin sifana ce."

Ta hau. Bayan babur ya nutse har taya ta kusa sumbatar murfinta. Dillali ya yi tari ya ce ai uwar ɗakinsa ba nauyi gare ta ba, albarka ce. Ƙusa ya sauka. Wannan zai kai shi aiki ya bar kayan aikin a gida.

Can ƙuryar rumbun, bayan tarin kwalaye, akwai wani mai launin toka da ƙura ta rufe. Bai kai ƙaton girma ba, ya fi ƙaramin jiki, kuma ba shi da kyan da zai sa a waiwaya. Dillali ya ce samari ba sa so, wai sirdinsa ƙasa-ƙasa ne kamar kujerar tsakar gida. Ƙusa ya ce a fito da shi.

Ya hau, tafin ƙafarsa biyu suka zauna daram a ƙasa, gwiwa da ɗan lanƙwasa. Giyarsa mai baki biyu ce, a taka gaba da tafin ƙafa, a taka baya da dunduniya, ba inda ake buƙatar ɗaga yatsu. Ya taka, ta shiga. Ya taka baya, ta fita. Da maɓalli yake tashi, ba sai an yi tsalle a kan ƙafa ɗaya ana bugawa ba. Tayoyinsa masu kauri. Tela ta hau baya ba a ce mata ba, babur ya ɗan rusuna ya tsaya da ƙarfinsa.

Saura abu ɗaya, kuma su biyun sun san shi.

"Zan kwantar da shi," in ji Ƙusa.

Zumar bakin dillali ta ƙafe nan take. "A'a, maigida. Sabo ne. In fenti ya goge wa zan ba? Sa hannu a takardar kamfani tukuna, in ya zama naku ka kwantar da shi ko a kan gado."

Ƙusa ya tsaya riƙe da biro. Ya girgiza babur ɗin hagu da dama yana auna shi da hannu, kamar mai sayen rago a duhu. Ya dubi Tela. Ita kuwa, macen da ba ta taɓa rasa ta cewa ba, ta tsura wa rufin kwano ido. Ya sa hannu.

Laraba ya yi ta zagaye a fili ba kaya, komai lafiya, har ya fara fito. Alhamis ya ɗauko tsohuwar jakarsa ya ɗaure ta a hagu. Bai yi tunani ba, hannu ne ya yi aikin da ya saba. Ya fita titi. A mahaɗar farko wata motar ruwa ta shigo ba hon, ya damƙe birki, ƙafar hagu ta sauka da kanta kamar kullum, nauyin jaka da na babur suka bi ta gaba ɗaya. Ba-zatar da likita ya hana ke nan. Ƙafa ta lanƙwashe, ya yi wuf ya zare ta, babur ya kwanta. Ya kama kan ya ja, ya ja, irin jan da ya yi shekara ashirin da suka wuce, da irin sakamakon. Wani mai faci da mai sayar da katako ne suka ɗaga masa, suna ta sannu baba, sannun da ta fi faɗuwar ciwo.

Ya dawo gida idon sawu ya kumbura kamar gwanda. Tela ta kawo ruwan sanyi da tsumma ta durƙusa. Ba ta yi tsiya ba, kuma wannan ya fi tsoratar da shi.

"Buhu ya ci," in ji shi.

Ta matse tsumma. "Wa ya ɗaura maka dutse a gefen ƙafar da ba ta da lafiya?"

"Haka ake ɗaurewa. Salansa na dama."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce."

"To kai ka ce, kai za ka warware. In aljihu ɗaya ya ja riga gefe, biyu ake yi."

Kafin yamma ta yanka tamfol ta ɗinka jaka biyu haɗe da ɗamara, allura uku ta karya. Juma'a mai walda na bakin titi ya lanƙwasa ƙarfe ya yi wa salansa garkuwa. Aka raba kaya, manyan sifanu a dama, tarkace a hagu. Ta ɗaura jan ƙyalle a madubin dama don ido ya tuna wa ƙafa inda za ta sauka. Amma sauke ƙafar dama na nufin sakin birkin ƙafa, sai ya riƙe babur a gangare da birkin hannu kaɗai. Asabar da Lahadi a zaune ya yi su a kan babur, injin a kashe, yana damƙe birki yana sauke dama, damƙe, sauke, kamar mai koyon tafiya.

"Ɗagawar fa?" ya tambaya ranar Lahadi, yana kallon ƙasa.

"Kai kokawa kake da shi, fuska da fuska, don kai namiji ne. Mu ranar nan ka ga mun kalle shi? Baya muka ba shi. Kaya ba a ja, goya shi ake yi."

Ya so ya gwada, ta hana. Kumburin bai gama saɓewa ba, in ya fama ƙafar yau, gobe ko takalmi ba zai shiga ba.

Litinin da hantsi duk ma'aikata suka sami dalilin zama a bayan ɗakin ajiya. Manaja ya fito da takarda a allo. Buhu ya kafe baƙin babur a inuwa ya jingina da shi, yana sakace.

"Baba, wannan ɗan akuyar ka zaɓo? Ai da ka ce in ara maka keken 'yata."

Ƙusa ya hau babur ɗinsa. Ya danna maɓalli, injin ya kama. Ya zagaya fili sau ɗaya, dunduniya na taka giya, sannan ya fuskanci gangaren. Bai taɓa lura da tsayinsa ba sai yau. Simintin ya sha man mota, ga tsakuwa a gefe, ga rami a hagu inda motoci ke ja da baya. Ya sauko giya ta ɗaya ya fara hawa. Da ya kai tsakiya, Manaja ya ɗaga hannu, alamar ya tsaya.

Ya damƙe kuloci da birki. Babur ya tsaya, ya ɗan yi lilo. Ƙafar hagu ta zame daga matakinta, ta nufi ƙasa da kanta, tsohuwar baiwa mai biyayya. Ya ga jan ƙyalle yana kaɗawa. Ya karkata kafaɗa dama, ya dira ƙafar dama a siminti, ya janyo ta hagu ya mayar. Tayar gaba ta ja baya taƙi ɗaya a kan man, ta yi ƙara, ta tsaya. Yatsunsa suka yi fari a kan birki. Manaja, don tsoro ko don mugunta, ya bar hannunsa a sama har aka ƙirga goma. Da ya sauke, Ƙusa ya murɗa mai da tafin hannu, yatsu biyu na sakin birki a hankali, injin ya yi gurnani kamar zai mutu, ya farfaɗo, ya haye.

Wani ya fara tafi. Manaja ya cire murfin biro. Sai Buhu ya tofar da tsinken sakace.

"Ranka ya daɗe, nan akwai mutane. A daji fa? Ranar Alhamis ya faɗi a titi, sai da mai faci ya ɗaga masa. Ni na gani da idona. In ya kwanta masa a yashi, rana tsaka, ba kowa, wa za a tambaya? Kai za a tambaya."

Biro ya tsaya a sama. An taɓa Manaja inda yake masa ƙaiƙayi.

"Gaskiya ne, Malam Ƙusa?"

"Gaskiya ne."

"Ka ga ke nan ..." Manaja ya fara mayar da murfin.

Ƙusa ya sauko fili. Ya kashe injin, ya bar shi a giya, ya rufe mai. Ya kwance jakunkunan ya ajiye gefe.

"Da kaya dai," in ji Buhu.

"Wa ka taɓa gani ya ta da jaki da kayansa a kai?"

Ya buɗe jak, ya kwantar da babur a hankali ta gefen dama, har ƙarfe ya taɓa ƙasa. Ya tsaya yana kallonsa, hannunsa na so ya cafki kan ya ja. Ya juya masa baya. Ya tsuguna ya manna ƙugu a sirdi, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a ƙarfen kaya na baya. Ya kafa ƙafar dama, ya miƙe ta hagu ta zama tokara. Ya tura. Ba abin da ya motsa. Zafi ya hau ƙashin har yana jin inda ƙarfen yake. Ya ƙara sauke ƙugu, ya ɗaga haɓa, ya sake turawa. Babur ya rabu da ƙasa. Taku ɗaya baya, ɗan ƙarami. Wani takun. Ƙafar hagu na rawa kamar ganye, amma tana nan. Taku na uku nauyi ya bar bayansa, babur ya miƙe ya faɗa kan jak ɗinsa.

Ya dafa sirdi yana haki, bai yarda ya zauna ba.

Buhu ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan abin wasan yara? Ko mace ta ɗaga shi. Ranka ya daɗe, hanyar nan ta babban babur ce da namiji mai ƙafa biyu. Dubi nawa, dubi nasa."

Manaja ya dubi wannan, ya dubi wancan, biro na yawo tsakaninsu. Ƙusa ya share gumi da hannun riga. Ya ɗingisa har inuwar da baƙin babur yake, wanda ya fi kowa sanin nauyinsa, ya shafa tankin. Sannan ya faɗi maganar da ta sa Buhu ya nemi tsinken sakacensa a ƙasa, ta sa Manaja ya rattaba hannu ba tare da ya sake ɗagowa ba.

"Gaskiyarka, ƙanena, mace ce ma ta koya mini. Ga naka nan, ga ƙafarka biyu lafiya lau. Kwantar da shi ka ɗaga mu gani."